Yaya Ruwa, Kyaftin?

Ku da kuke cewa aikina tuƙi ne kawai, ku matso. Faisal, da kai nake, ajiye wayar nan. Tun da aka ba ka takardar fara koyon aiki a filin jirgi kake yawo a unguwar Ƙurban kana gaya wa abokanka wai Ammu Hamza ya yi shekara talatin yana jan 'yar mota a gaban jirgi, wai ko kakarka za ta iya. Na ji, ba sai ka musa ba. Kuma in za ka ba ni amsa ka ba ni da Hausa, don abin da zan faɗa muku da Hausa ya faru.

Motar dai rawaya ce, da zanen dara baƙi a jikinta, da allo mai fitila a samanta. In na murɗa makunni gefe ɗaya, allon ya rubuta wa matuƙin jirgi ya biyo ni. In na murɗa ɗaya gefen, ya rubuta masa ya tsaya, da jar wuta. A ciki akwai rediyo da abin magana mai maɓalli a gefe, da taswirar fili, da safar hannu, da 'yar jakar da muke zuba tsintuwa. Kayan aikin ke nan kaf. Jirgi ya sauka ya bar madraj, wato titin da ake sauka da tashi, ni zan tare shi in kai shi inda zai tsaya. Za ku yi mamaki, mutumin da ya ratso hamada da teku bai ɓata ba, sai ya taɓa ƙasa ya rikice. A sama hanya ɗaya ce gabansa. A ƙasa kuwa ga lunguna sun rarrabu, ga alluna, ga kwalta tana walƙiya da zafin rana har layin fenti ya ɓace masa, shi kuma ya gaji.

Ranar da na fara, wanda ya koya mini aiki bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Ammu Siddiƙ ke nan, Allah ya ji ƙansa. Iyayensa ta Sudan suka biyo, Hausarsa ma da ɗanɗanon can. Ya kai ni wani wuri ya ce in fito, rana tsaka. A ƙasa akwai layi huɗu rawaya a jere, biyu a miƙe, biyu a yanke-yanke, ga jan allo a gefe.

"Ya waladi, ɗana, me ka gani?"

Na ce fenti.

"Fenti! Wannan ƙofar gidan mutane ce. Daga nan zuwa can madraj ne. Ba ka shiga, jirgi ba ya shiga, sai mai gida ya ce shigo, kuma sai ka maimaita masa abin da ya ce." Ya nuna burji, dogon benen nan mai gilashi da masu ba jirage izini suke zaune a ciki. "Ga mai gidan can."

Da muka koma mota ya ɗauko abin magana ya ɗora babban yatsana a kan maɓallin. Ya ce muddin yatsana na wurin, duk wanda ke kan layin nan ni kaɗai zai ji. Burji ma in ya yi magana ba za ta fita ba, sai dai ƙara. Don haka ka shirya zancenka a kai, ka danna, ka faɗa da numfashi ɗaya, ka saki. Wata biyu yana sa ni ina yi da rediyo a kashe. In na ƙara kalma ɗaya sai ya ce, "Hamza, majalisa ka buɗe mana?"

Akwai wata safiya da muka zaga duba madraj kafin jiragen farko, ya taka birki ya ce in sauka in ɗauko. Ni ban ga komai ba. Sai da na durƙusa na ga wani ɗan ƙusa da bai kai rabin yatsa ba. Ya ce injin jirgi in ya zuƙe wannan, sai dai a saya masa wani injin. Tun daga ranar nake tafiya ido a ƙasa, har yau matata tana yi mini tsiya wai ko a Harami tsintuwa nake nema.

Matuƙa kuwa na ga iri-iri. Akwai mai binka kamar zai hau bayanka, kana jin zafin injinsa a ƙeya. Akwai mai jan jiki har ka zaci ya yi barci. Akwai wanda ya san fili ya fi ka, yana ganin motarka raini ce. Lokacin aikin Hajji ne abin yake tsananta, jirage daga ko'ina, matuƙan da wasunsu ba su taɓa ganin filin ba sai a takarda. A irin wannan lokacin na haɗu da Kyaftin Lawal.

Jirgin alhazan Najeriya ya kawo. Ina jin yana magana da burji da Turanci na ce wannan harshen Bahaushe ne, ko da me ya lulluɓe shi. Ban san lokacin da na danna na ce, "Sannu da zuwa" ba. Kalma uku. Sai na ji dariya, ya ce, "Yauwa, sannu." Da aka kashe inji ya sauko da kansa yana tambaya wane ne mai rawayar mota. Dogo ne, da furfura a gefen kai, ga fara'a. Ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce ɗan Madina. Ya ce, "To Hausar fa?" Na ce gadon Baba ce.

Baba da ƙafa ya zo ƙasar nan daga wani ƙauye bayan Kano, kuma bai koma ba har ya rasu. Duk alhajin da ya shigo gidanmu, bayan an tambayi hanya da iyali, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Yaya ruwa?" In aka ce masa ruwa ya yi gyara, ranar har abinci ya fi ci. Ni da na tashi a garin da ake ganin ruwan sama sau nawa a shekara, ban taɓa ganin damina ba, amma tambayar ta zauna mini a baki. Na yi wa Kyaftin ita a gindin matakala, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Hamza, yanzu fa rani ne a gida. Ko ɗigo babu."

Duk da haka ban daina ba. Shekara ta zagayo ya zo mini da kilishi da yaji, na ba shi dabino. Ita kuma gaisuwar rediyo ta fara tsawo. Bana sannu da zuwa, baɗi a ƙara yaya hanya, wata shekarar a ƙara iyali. Kun san mu da gaisuwa, ba a yi wa babba rabi. 'Yan burji suna jin mu suna murmushi, don ina zaɓar lokacin da layi ya yi shiru. Ammu Siddiƙ kaɗai ne bai taɓa murmushi ba.

"Ka jira ya sauko mana, ka gaishe shi har Magariba."

"Ammu, dattijo ne. Ya gan ni in yi masa shiru?"

"Dattijon yana ɗauke da mutum ɗari huɗu," in ji shi, ya juya ya tafi.

Wata shekara muna shan shayi a gindin jirgi Kyaftin ya ce mini saura masa aikin Hajji biyu ya ajiye. Ya ce shekara talatin da wani abu yana tuƙi, fayil ɗinsa ko ɗigon jan biro babu, kuma abin da yake roƙon Allah ke nan, ya sauka daga kujerar nan kamar yadda ya hau ta. Ya ce jirginsa na ƙarshe Madina yake so ya kawo, in ja shi zuwa wurin tsayawa, shi ke nan. Na ce in sha Allahu ni zan ja shi. Ku riƙe wannan maganar.

Shekarar da ta biyo ana gyaran wata hanya a filin. Saboda haka jirgin da ya sauka sai ya zagaya ya tsallaka madraj na biyu kafin ya iso wurinmu, mu kuma aka ce mu riƙa jira a tsallake. Bayan Azahar ne, zafi kamar ya narka taya. Na ji muryar Kyaftin. Burji ya ce masa ya zo bakin layin nan huɗu ya tsaya, don akwai jirgin Jidda da zai tashi. Ya maimaita daidai, ba kuskure ko ɗaya. Layin rediyo ya yi shiru. Ga jirginsa yana tahowa a hankali, ga ni a tsallake ina fuskantarsa, fitilar motata tana juyawa. Kuma a shekarar aikin Hajji ya faɗo cikin damina, tambayata ta zo kan lokacinta. Daɗi ya kama ni, na danna.

"Kyaftin, barka da sauka. Yaya hanya? Yaya gajiya? Yaya Hajiya da yara? Yaya mutanen gida? Yaya ruwa?"

Ku lura da abin da ban lura da shi ba. Shekara tara, duk ranar da mutumin nan ya ji muryata, abin da ke biyo baya shi ne ya bi motata. Bai taɓa jin gaisuwata yana jiran izini ba. Ga shi ya kwaso awa biyar da wani abu a sama, mataimakinsa ya sunkuya yana duba taswirar sabuwar hanya. Ya ga rawayar mota, ya ji Hamza, ƙafarsa ba ta nemi birki ba.

Ina cikin tambayar mutanen gida na ga hancin jirgin ya iso layi bai rage gudu ba. Na waiga hagu, jirgin Jidda ya riga ya taso da gudunsa. Wallahi bakina ne ya ƙarasa gaisuwar shi kaɗai, yatsana kuma ya manne a maɓalli. Da na saki, sai muryar mutumin burji ta fashe a motar, yana ihun a tsaya, a tsaya, ashe tun ɗazu yake yi ba ta fita. Na murɗa allona zuwa ja. Na ga hancin jirgin Kyaftin ya dunƙusa ƙasa ya ɗago, ya tsaya cik, tayar gaba ta wuce layi, kansa ya leƙa madraj. Shi kuma na Jidda abokin aikin mai ihun ya riga ya ce masa ya fasa tashi ta wani layin rediyo. Ya taka birki, hayaƙi ya turnuƙe, yana ta zuwa, yana ta zuwa, sannan ya tsaya. Tsakaninsu bai fi daga nan zuwa shagon mai burodin tamis ɗin can ba. Warin roba har cikin motata.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Kuma aiki bai ƙare ba, sai da aka ba Kyaftin izini ya tsallako, na ja shi zuwa wurin tsayawa. Alhazai suka fara saukowa suna salati, wasu suna kuka don sun ga Madina. Wata tsohuwa ta wuce ta gabana tana ce wa 'yar'uwarta, "Kai, direban nan akwai birki!" Ba su san komai ba. Na tsaya a gindin matakala har mutum na ƙarshe. Kyaftin bai sauko wurina ba.

Bayan kwana uku aka kira mu wani ɗaki, mutum uku a bayan tebur, ga Kyaftin a kujerar gefe cikin kayan aikinsa. Duk abin da aka faɗa a rediyo ana naɗe shi, sai suka kunna. Muryata ta cika ɗakin, cike da fara'a. A cikinsu ba mai jin Hausa, don haka ni aka sa in fassara, suna tsayarwa jimla jimla.

"A nan me ka ce?"

"Na tambaye shi hanya."

"Wace hanya? Hanyar da zai bi?"

"A'a. Hanyar da ya biyo, ko ya zo lafiya."

"A nan fa?"

"Na tambayi matarsa da 'ya'yansa."

Babbansu ya cire tabarau ya dube ni. Aka kunna ta ƙarshe.

"Na tambaye shi ruwan sama."

"Yanayin sama a fili?"

"A'a, ya sidi. Ruwan garinsu, ko shuka ta samu."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce musu laifin nawa ne, ni na toshe layi, ni na kira shi da muryata. Kyaftin ya ɗaga hannu. Ya ce an ce masa ya tsaya, ya maimaita da bakinsa, kuma birki a ƙafarsa yake, ba a ƙafar mai mota ba. Ya ce ko duk Madina ce ta fito gaishe shi, layi layi ne. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, da aka tashi ya fita ta wata ƙofar.

Aka karɓe mini katin shiga fili na shekara guda. Da yamma Ammu Siddiƙ ya zo gida. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce ai ya gaya mini. Ya zauna ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ya ce wa matata ta kawo, ya zauna har na ci. Shi ya samo mini aikin jan bas ɗin ma'aikata a garin Yanbu, shi ya kai ni da motarsa. Shekarar nan ba ta yi daɗi ba. Gumin bakin teku, ɗaki ɗaya mu huɗu, iyali sai ƙarshen mako. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cina shi ne ban san me aka yi wa Kyaftin ba.

Da na dawo sai da na sake jarrabawa tun daga farko, da ni da yara sa'o'in ɗana. Aikin Hajji ya zo, jirginsu ya sauka, wata murya ce daban. Na ja shi ban ce uffan ba. Da aka kashe inji na tambayi wani ma'aikacin cikin jirgi da na sani. Ya ce ai tun bara aka sauke Kyaftin Lawal daga kujera, aka ce sai ya koma horo ya zauna a ta mataimaki, shi kuma ya ce a shekarunsa ya gode, ya ajiye aiki. Ba a yi masa ko walima ba.

Ina da lambarsa. Sau nawa ina dannawa in kashe kafin ta shiga, ban san adadi ba. In ce masa me? Na ci gaba da aiki shekara shida bayan nan, ban sake faɗar kalma ɗaya a rediyo da ba ta aiki ba. Sababbin da na koyar kuwa, kafin su taɓa sitiyari sai na kai su bakin layin nan da rana tsaka na ba su labarin nan da bakina, don gara su ji daga wurina.

Bara, bayan na yi ritaya, Dokta Aminu ya kira ni, ɗan Najeriyar nan da ke aiki a kantin magani a unguwar Al-Khalidiyya. Ya ce wani dattijo ɗan Umra ya shigo sayen maganin gwiwa, yana tambaya ko an san wani Hamza mai rawayar mota. Ya ce in same shi ranar Asabar da hantsi a harabar masallacin Ƙuba. Na ce ya faɗi sunansa? Ya ce Lawal.

Na same shi zaune a inuwa, da sanda, da wata 'yar jaka a gefe. Ya rame, ya yi baƙi, furfura ta gama kai. Na durƙusa na fara zancen da na yi shekaru ina shiryawa. Na ce ni na jawo, na ce an gargaɗe ni ban ji ba, na ce na san abin da ya roƙi Allah kuma ni na ɓata masa, na ce ya yafe mini. Ina ta zuba, hawaye na zuba, mutane na wucewa suna kallo. Ya bar ni har na rasa abin faɗa.

"Ka gama?" in ji shi. "Ka saki maɓallin?"

Na ɗago. Dariya yake yi, idonsa ya kawo ruwa.

"Tashi ka zauna, Hamza, gwiwarka ba ta fi tawa ba. Ba zan ce maka abin bai yi mini zafi ba. Ya yi. Shekara biyu ko ƙarar jirgi ba na son ji. Ranar nan kuma da na ƙi dubanka, ba fushi ba ne, kunya ce. Mutum ya tare ka da murna, kai ka tashi kashe mutane a gabansa."

Ya ce yanzu noma yake yi a bayan Zariya, gero da masara. Ya ce da yana tuƙi, ruwan sama abin kaucewa ne a wurinsa, in na tambaye shi amsawa kawai yake yi. Yanzu kuwa da asuba yake fita ya duba gabas. Ya tura mini jakar, na buɗe, gero ne kamar mudu biyu, na gonarsa.

"Kuma akwai gaisuwarka a wurina, ban amsa ba." Ya gyara zama, ya dafa sandarsa. "Hanya lafiya. Gajiya babu. Hajiya da yara suna nan ƙalau, har da jikoki. Mutanen gida suna gaishe ka."

Ya tsaya yana kallona, na gane jira yake. Na share fuska da hannun riga.

"Yaya ruwa, Kyaftin?"

"Ruwa ya yi gyara, Hamza. Bana kam ya yi gyara."